Ranar da Na Hana Baba Idona

Babana maharbi ne, ni kuwa tela. Tun ina saurayi mutanen garinmu suke tsokanata da wannan, wai an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ga barewarsu ta haifi mai taka keke. Ban taɓa sa abin a raina ba. Na bar ƙauyenmu na kama shago a Funtua, ina ɗinka wa mutane kaftani, ranar Juma'a in hau babur in je in gaida tsofaffi. Baba bai taɓa kama sunana ba, da yake ni ne ɗan fari. Tela yake ce mini, idan kuma ransa ya ɓaci in koma "kai wannan".

Bai taɓa riƙe bindiga ba. Ya ce kayan rago ce, ta kashe dabba ɗaya ta kori ɗari. Da baka da kibiya yake farauta, da kuma kan burtu. Wanda bai san burtu ba, baƙin tsuntsu ne babba mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa, kuma naman daji ba sa gudunsa. Baba yana da kan tsuntsun da aka ɗora a kan lanƙwasasshen itace aka naɗe da fata. Sai ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙar riga, ya durƙusa ya riƙa tafiya yana sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar mai tsince-tsince. Gada tana kallonsa za ta ci gaba da cin ganyen wakenta har ya zo inda kibiya za ta kai. Kuma duk abin da ya kayar, ba ya shiga gida da shi sai ya fara kai shi ƙofar mai gari an cire ƙafar gaba. Haka ya gada, haka ya yi tun kafin a haife ni.

A shekarun nan ne idonsa ya fara mutuwa. Kowa a gidan ya gani, babu mai iya faɗa. Zai miƙa hannu ya ɗauki moɗa sai hannun ya sauka a gefenta. Wata rana a gabana ya yi wa turmi sallama, yana zaton Inna ce a zaune. Da na duba ƙwayar idon sai na ga wani fari-fari ya hau kanta, yanar ido ce sosai. A damina ya faɗa kwazazzabo ya dawo yana dafe da haƙarƙari, ya ce santsi ne. Ga shi daji ya lalace, ba irin na da ba. Mutane masu bindiga suna ratsawa ta yamma da mu, mai ido biyu ma sai ya yi da gaske yake hango su ya kauce, balle tsoho mai rarrafe da kan tsuntsu a goshi.

Inna ba ta cika yi mini doguwar magana ba, kunyar ɗan fari. Amma wata Juma'a ta tare ni a bakin rumbu, idonta a ƙasa, ta ce, "Ka raba shi da bakan nan. Ni na yi na gaji. Wata rana gawarsa za a kawo mana, ko kuma a rasa gawar ma." Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon haka ba, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

To ni Allah bai yi ni da sanyin baki ba, wannan kowa ya sani. Na same shi a zaure yana gyaran tsirkiyar bakansa, na gaishe shi, ban ko jira gaisuwar ta huce ba na ce, "Baba, idonka ya samu matsala. Ka bari in kai ka asibiti, kuma ka ajiye farautar nan haka."

Ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce babu wanda ya aiko ni, ido gare ni.

"To ni ma ido gare ni. Ka taɓa ganin na yi karo da bango?"

Na ce ban gani ba, amma na ga ya gaida turmi. Wallahi da na san yadda maganar za ta fito da na haɗiye ta. Ya ajiye bakan a hankali ya ce, "Kai wannan, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tashi ka koma kan kekenka." Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, gemuna ya fara furfura, aka kira ni yaro aka kore ni daga zaure. Na hau babur ina huci har Funtua. Sau uku muna irin wannan a cikin daminar, kullum ni ke tashi da borin kunya.

Da ruwa ya ɗauke, dawa ta fitar da kai, wake ya yi 'ya'ya, sai ga saƙonsa wai in zo in kwana biyu. Na yi mamaki, don bai taɓa nemana ba. Na isa da hantsi, ya ce in biyo shi. Muka fita bayan gari gindin wata tsamiya inda yake dafa dafin kibiyarsa sau ɗaya a shekara. Ba a dafa shi a gida, kuma ba a zuwa da kowa. 'Yar tukunyar tana gefe ta huce, abin da ke ciki baƙi ƙirin, mai kauri.

Ya ce, "Hayaƙi ya shigar mini ido. Zo ka ara mini naka, tunda kai kake zura zare a allura."

Sai ya naɗe hannun riga, ya ɗauki aska ya tsaga damtsensa kaɗan. Jini ya gangaro siriri har kusa da wuyan hannu. Ya ce haka ake gwada dafi. Za a taɓa shi a ƙarshen jinin daga ƙasa, idan ya yi kyau jinin zai yi baƙi ya riƙa hawa sama yana neman bakin ciwon, kuma dole a goge kafin ya isa. "Ka zuba ido. In ya wuce gwiwar hannu ka ce goge."

Na ce, "Haba Baba! Wannan wane irin ganganci ne?"

Bai kula ni ba. Ya tsoma tsinke a tukunya ya lalubi ƙarshen jinin ya taɓa. Ban san me masu ilimi za su ce a kan wannan ba, amma ni na gani da idona, jinin ya dushe ya fara hawa. Na ƙura masa ido. Shi kuwa fuskarsa tana kallon tsamiya, ko hannun bai duba ba, don ya san dubawar ba za ta amfane shi da komai ba. Baƙin bai ma kai gwiwar hannu ba na daka tsawa, "Goge! Goge, Baba!" Ya sa tsumma ya share, ya yi dariya, ya ce idon tela bai yi ƙarya ba, sai dai tela matsoraci ne.

A hanyar komawa ya ce gobe in raka shi. Akwai gadar da ke ɓarna a gonar wake ta bakin rafi, ya ga sawunta, ko in ce ya shafa sawunta. Ba ya son in yi komai, in kwanta kawai a bayan sabara in kalla. "In ka ga abin da ba daidai ba, mutum ne ko wani abu, ka yi tari. Tari ɗaya ya isa, zan sauke baka." Bai ce idonsa ya mutu ba, har abada ba zai faɗa mini haka ba, amma na gane abin da yake roƙo. Maimakon tausayi ya kama ni, sai haushi ya ƙaru. Wato ya san gaskiyata, ya kore ni daga zaure sau uku, yanzu kuma yana so in zama sandarsa a ɓoye don ya ci gaba da abin da nake hana shi.

Muka yi sallar asuba muka fita. Raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Da muka kusa rafin ya damƙi ƙasa ya saki don ya ji inda iska take, ya zagaya da mu ta gabas, ya nuna mini wani kurmin sabara na kwanta. Ya ɗaura kan burtun, ya ja baƙar rigar ya rufe bayansa, ya zaro kibiya ɗaya daga kwari ya riƙe tare da bakan a hannun hagu. Sai ya durƙusa.

Zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Tsohon da ke laluben moɗa a gida ya ɓace. Tsuntsu nake gani, yana taku biyu ya tsaya, ya sunkuya ya caki ƙasa, ya ɗago ya karkata kai, ya koma gefe kamar bai damu da kowa ba. Ko karan dawa ɗaya bai motsa ba. Na ji alfahari ya cika mini ƙirji, na ce a raina wannan ubana ne.

Can ƙarshen gonar, inda waken ya yi duhu, wani abu ja-ja yana motsi. Shi ma ya gani, ko ya ji, don ya karkata ya nufi wajen. Gari yana ƙara wayewa. Dabbar ta ɗago kai, sai na ga kunnuwa, na ga ƙaho ya lanƙwasa baya. Ta yi taku ɗaya, na ga guntun igiya yana binta a ƙasa. Akuya ce. Na ma san ta, jar akuyar wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo. A wannan lokaci na shekara duk dabbar gida tana ɗaure a turke sai an kawar da amfanin gona, shi ya sa ko a mafarki Baba ba zai kawo akuya a gonar wake ba. Wannan ta tsinke igiyarta ne ta fito.

Tarin ya zo mini har maƙogwaro. Ina jin sa. Sai wani tunani ya riga shi: ƙyale shi ya harba. In ya harbi akuya da hannunsa, gardama ta ƙare, ba sai na sake cewa komai ba. Daga ni sai shi a dajin nan. Mu binne ta, ni in san yadda zan yi da Gwaggo a ɓoye, shi kuma ya rataye baka ya zauna a gida, Inna ta samu barci. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don in ceci ransa na yi. Akwai wannan a ciki. Amma akwai kuma son in ci gardama, in ga ranar da mai hango abin da yaro ba ya hangowa zai sunkuyar da kai a gabana. Na sa tafin hannu na toshe bakina.

Ya ɗauki lokaci, don Baba ba ya gaggawa. Sau biyu yana tsayawa ya ɗan juyo da kan burtun wajen sabarar da nake, yana saurare. Bai ji komai ba. Ya matsa, ya dasa gwiwa ɗaya, ya ɗana, ya ja tsirkiya har kunne, ya saki.

Kukan da ta yi ne ya gaya masa. Gada ba ta irin wannan kuka. Akuya kuwa ta ƙwala shi kamar mutum, ta sake ƙwalawa, ta yi tsalle ta faɗi cikin wake. Baba ya sandare a durƙushe. Sai kuma ya zabura da wuƙa a hannu, don ko mece ce, dole a yanka kafin dafi ya kashe ta ta zama mushe. Kafin in iso ya yi bisimilla ya yanka. Na tarar da shi yana shafa ta, kunne, ƙaho, wuya, har hannunsa ya kai kan igiyar. Ya bi ta da yatsu har inda ta tsinke. Ya shafa cikin, ya ji ya yi nauyi, ciki ne da ita ya tsufa. Kan burtun yana goshinsa har lokacin, ya karkace gefe.

Bai ɗago ba ya ce, "Tela, tun yaushe ka gan ta?"

Da na ce ban gani ba sai da kibiya ta tashi, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Amma bakin nan nawa da ba ya shawara da ni ya ce, "Tun kafin ka ɗana. Ai na gaya maka ba ka gani, ka ce ni yaro ne. To ga shi."

Na zaci zai zage ni, ko ya ɗaga hannu. Da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya yanke naman da ke kewaye da bakin kibiyar ya haƙa rami ya binne, kamar yadda yake yi wa kowace dabba. Na sassauta murya na ce ya bari mu tura ta kwazazzabo mu rufe, babu wanda ya gani, ni zan ji da Gwaggo.

Ya ce, "Abin da kibiyata ta kayar ƙofar mai gari yake zuwa."

Na ce, "Baba, wannan ai ba naman daji ba ne. Don Allah ka rufa wa kanka asiri."

Ya kama ƙafafunta ya saɓa ta a wuya. Na kai hannu in taya shi, ya kauce. Nan ne na gane lissafina ya rushe. Na shirya masa kunyar da za ta tsaya tsakanina da shi, na manta da wane irin mutum nake shirya wa.

Muka shigo gari daidai lokacin da mutane ke fita gona. Bai bi ta lungu ba, ta babbar hanya ya bi, igiyar tana jan ƙasa a bayansa, ni kuma ina bin igiyar. Masu gaishe shi suka riƙa yanke gaisuwa a tsakiya. Wasu samari a bakin masallaci suka fashe da dariya, wani dattijo ya kwatse su. A ƙofar mai gari ya sauke ta, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yau akuyar Gwaggo na harba a gonar bakin rafi. Idona ya mutu, ban faɗa ba. A yi mini hukuncin da ya dace." Mai gari ya dube ni ya ce ai tare muka fita, ni ban gani ba? Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Yana nesa."

Aka kira Gwaggo. Ta zo ta tsuguna a kan akuyar ta riƙa kuka, tana cewa saura kwanaki ta haihu, ita ce kaɗai abin da ta mallaka mai numfashi. Da aka feɗe, 'ya'ya biyu aka ciro. Kafin azahar Inna ta kwance tata akuyar daga turke ta ja ta da kanta zuwa gidan Gwaggo. Mai gari bai karɓi ƙafar gaba ba.

Na samu abin da nake so. Bakan ya hau ƙusa a bangon ɗakinsa, kan burtun ya shiga buhu. Amma garin nan namu ba ya mantuwa. Kafin kasuwa ta ci sau biyu labarin ya kai Danja, an yi masa gishiri, wai har tunkiya da ɗan maraƙi ya taɓa harba ana rufawa. Matasa suka sa masa suna sarkin bakan akuyoyi. Idan akuya ta yi kuka a kusa da zauren da yake zaune sai ka ji wani ya ce a ɓoye ta, ga burtu nan. Mutumin da bai iya zaman gida ba ya koma zaman zaure daga safe har yamma, ya rame, maganarsa ta ragu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Ba ta san komai ba. Duk zuwana sai ta sa mini albarka, wai Allah ne ya sa ina tare da shi ranar, da wa ya san abin da zai faru.

Bayan an kai amfanin gona gida ya ce a kai shi asibiti. Ba ni ya kira ba, ƙanena ya kira ya kai shi, ni sai a bakin Inna na ji. Aka cire yanar ido ɗaya, kuma cikin ikon Allah ya gani tangaran. Na zo na same shi yana ƙirga zabin maƙwabta a kan katanga daga inda yake zaune. Murna ta kama ni kamar in yi kuka, na ce to Alhamdu lillahi, abin da na ɓata ya gyaru. Na shiga ɗakinsa na sauko da bakan, na kai wa wani tsohon abokinsa ya ɗaura sabuwar tsirkiya, na zazzage kan burtun daga buhu na goge shi da mai. Baƙar rigar ma na ɗinka sabuwa da hannuna. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kawo su zaure na ajiye a gabansa, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Ga kayanka. Duk ranar da za ka fita ni zan raka ka."

Ya dube su da idon nan da aka gyara, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauki rigar ya juya ɗinkin, ya ce ya yi kyau. Sai ya ture su gabana.

"Na yafe maka, Tela, tun a gonar. Amma mayar da su. Ido likita ya gyara mini. Duk naman da na shigo da shi garin nan yanzu, sai an tambaya na wace tsohuwa ce."

Na ce mutane za su manta. Ya girgiza kai.

"Ranar dafi na miƙa maka hannuna, ka ce goge tun bai kai ko'ina ba. Na kwana ina cewa ashe ina da ɗa. Washegari tari ɗaya na roƙe ka. Sau biyu ina juyowa ina jira."

Ya ɗauki carbinsa. Na kwashe kayan na fita.

Damina biyu ya ƙara a duniya, a zauren nan. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar yara, yana sa kaftanin da na ɗinka masa da salla. Bai gaya wa kowa abin da na yi ba, har Inna, wadda har gobe take sa mini albarka a kan ranar. Da ɗaya idon ya ƙarasa rufewa, wanda aka gyara ma ya fara dushewa, yakan kira duk wanda ke kusa ya duba masa abu, ƙanena, ko matar ƙanena, ko mai wucewa a hanya, ya ce duba mini wane ne can, duba mini ko rana ta yi a yi salla. Sau da yawa ina zaune dab da shi, gwiwata tana taɓa tabarmarsa. Har ya koma ga Allah bai sake cewa in duba masa komai ba.